Idan Injinka Ya Ƙi Tashi Bayan Ka Zuba Masa Mai

Malam manomi, wannan takarda taka ce in kana da injin ban-ruwa, ko babur, ko injin niƙa, ko kuwa 'yar akori-kurar da kake kai kaya kasuwa da ita. Tun cikin shekarun 1980, sa'ad da hukumomin raya aikin gona na jihohi irin su Kano da Bauchi da Sakkwato suka fara yaɗa ƙananan injunan ban-ruwa a fadamu, jigo ya yi ta ja da baya. Yau da wuya ka sami mai noman rani wanda ba da inji ya dogara ba. Amfanin abin a fili yake. Sai dai kuma ranar da inji ya ƙi, ranar lambu zai kwana da ƙishirwa.

Matsala ɗaya tak za mu duba a nan. Inji yana ta aikinsa lafiya lau tun da safe. Mai ya yi ƙasa, ka kashe shi, ka ƙara masa, ka ja igiya, shiru. Ko kuwa ya tashi, ya yi ta tari yana kakari, can kuma ya mutu.

Wani rani na je wata fadama na tarar da wani manomi zaune a gindin injinsa ya yi tagumi. Tumatirinsa ya fara fure ke nan sai injin ya yi masa haka. Ya ɗora shi a amalanke ya kai gari, aka ce masa ringi ne ya cinye. Aka kwance inji kaf, ya sayar da tunkiya ya biya kuɗin kaya da na aiki, aka yi kwana 5. Da ya dawo gona ya sake zuba mai daga wannan jarka dai, inji ya yi minti biyu ya mutu. Muka tsiyayi man a kwalba muka ajiye. Kafin mu gama gaisawa sosai, ga ruwa kwance a gindin kwalbar, kaurin yatsa guda. Fure kuwa rabinsa ya riga ya zube.

To, ka riƙe wannan. Ƙarfe ba ya cinyewa cikin minti biyar ɗin da ka ɗauka kana zuba mai. In inji yana aiki kafin ka zuba, ya ƙi bayan ka zuba, galibi laifin yana wajen abin da ya canja a wannan ɗan lokaci, watau man kansa, ko jarka, ko murfin tanki, ko yadda ka tayar da shi. Nan za ka fara dubawa, kuma yawancinsa ba ya cin ko kwabo.

Lura da yadda ya mutu

Kafin ka ɗauki sifana, tsaya ka tuna yadda abin ya faru, domin inji yakan faɗi ciwonsa da kansa. In bai tashi ba ko kaɗan, kuma kana jin warin fetur a jikinsa, to mai ne ya yi masa yawa. In ya tashi sumul, ya yi minti ɗaya zuwa uku, sa'an nan ya fara tari ya mutu, ka zargi ruwa ko datti. In ya yi kamar kwata na awa ko fiye yana aiki, ya sassauta a hankali ya mutu, kuma in ya huta ya sake tashi, duba murfi. In kuwa ya tashi da ƙyar yana farin hayaƙi yana ƙwanƙwasa, ba fetur tsantsa ka zuba masa ba.

Amma dai fara duba makunni da famfon mai. Kada ka yi dariya. Na taɓa yin tafiya mai nisa a kan babur cikin ƙura aka ce inji ya lalace, na je na tarar yaron da ya zuba mai ya rufe famfo ya manta bai buɗe ba.

Idan mai ya shaƙe shi

Inji abu uku yake bukata ya tashi: mai, da iska, da wuta. Aikin cok shi ne ya toshe hanyar iska don mai ya shiga da yawa. Da asuba, sa'ad da inji ya kwana ya yi sanyi, yana son haka. Amma inji mai zafi ba ya so. Manomi ya saba kullum da safe ya rufe cok ya ja igiya, sai hannunsa ya yi haka nan da rana tsaka bayan ya zuba mai. Ja ɗaya, ja biyu, fulogi ya jiƙe da fetur, wuta ba ta kamawa. Shi kuwa sai ya ƙara ja da ƙarfi, abin yana ƙara lalacewa.

Maganin ba wuya. Buɗe cok gaba ɗaya. Rufe famfon mai. Kai totur ƙarshe, ka ja igiya sau biyar ko shida. Sau da yawa zai yi tari, ya fitar da baƙin hayaƙi, ya kama. Da ya kama sai ka buɗe famfo ka rage totur.

In bai kama ba, kwance fulogi ka duba bakinsa. In a jiƙe yake, goge shi da ƙyalle mai tsabta ka shanya shi. Kashe makunni, ka ja igiya kamar sau goma fulogi yana waje don man da ya taru a ciki ya fita. Tunda yana hannunka, duba tazarar bakinsa. A yawancin ƙananan injunan ban-ruwa na fetur milimita 0.7 zuwa 0.8 ake so, watau kusan kaurin katin cirar kuɗi na banki. In kana so ka ga ko akwai wuta, goge duk man da ya zuba tukuna. Sa'an nan ka mayar wa fulogi hularsa, ka kunna makunni, ka riƙe ta wajen roba, ka taɓa gindinsa a jikin ƙarfen inji nesa da ramin da ya fito, wani ya ja igiya. Shuɗin tartsatsi ake so a gani.

In babu wuta sam, duba baƙin mai. Injuna da yawa suna da wani ɗan na'ura da ke yanke wuta in baƙin mai ya yi ƙasa. In ka matsar da inji wajen zuba mai, ka ajiye shi a karkace a bakin rafi, baƙin man zai gangara gefe guda, na'urar ta ɗauka ya ƙare. Daidaita masa zama, ka cika baƙin mai zuwa alamarsa. Wasu sukan cire wayar wannan na'ura don su huta. Ni ban yarda da haka ba, domin ita ce ke tsare maka inji ranar da ka manta.

Ruwa a cikin mai

Wannan shi ne babba, shi ya fi cin kuɗin manoma a banza. Ruwa ya fi fetur nauyi. Lita guda ta ruwa giram 1,000 ce, ta fetur kuwa kamar giram 740. Ba sa haɗuwa, ruwa yakan gangara ya kwanta a ƙasa. Bututun da ke ɗaukar mai zuwa kafireta kuwa daga ƙasan tanki yake sha. Saboda haka ko cokali biyu ne na ruwa a cikin tanki cike, shi zai riga zuwa.

Me ya sa inji ke tashi tukuna kafin ya mutu? A ƙarƙashin kafireta akwai wani ɗan kofi da ke riƙe mai kaɗan. Tsohon man kirki ne a cikinsa lokacin da ka kashe inji. Da shi zai tashi. Da ya ƙare, ruwa ya biyo, sai tari, sai mutuwa. Shi ya sa manomi yakan rantse ba mai ba ne, ai inji ya tashi da shi.

Ta ina ruwan ke shiga? Wani lokaci daga wajen saye ne. Tankin gidan mai a binne yake a ƙasa, in murfinsa ba shi da kyau ruwan sama yakan shiga da damina. Mai na gefen hanya kuwa, wanda ake sayarwa a kwalabe da galan, ya bi ta duro da jarkoki da yawa kafin ya iso gare ka. Amma gaskiya, sau da yawa a gonarka ya shiga. Jarkar da aka ɗauraye ba a bari ta bushe ba. Mazurarin da ya kwana a kan kunya raɓa ta sauka masa. Jarkar da ta kwana a fadama ba murfi. Akwai kuma wanda na fi gani: manomi ya buɗe tanki zai zuba mai, ɗansa kuma yana gefe da bokiti yana ɗura ruwa a cikin famfon inji don ya ja. Bakin famfo da bakin tanki ba su fi taƙi ɗaya ko biyu tsakani ba. A gama ɗaya a rufe, kana a yi ɗaya.

Ga yadda za ka gane. Nemi farar kwalba busasshiya. Rufe famfon mai. A gindin kofin kafireta akwai wani ɗan noti na tsiyaya, galibi a karkace yake. Tara kwalbar, ka sassauta shi, abin da ke ciki ya zubo. Buɗe famfo kaɗan wani ya ƙara zubowa daga tanki. Ajiye kwalbar a inuwa minti 10 zuwa 15 ba motsi. In akwai ruwa za ka gan shi a ƙasa, ko dai ɗigo-ɗigo kamar tsakiya, ko kuwa ya yi layi sosai. Ka gwada man jarkar ma haka nan, daga na ƙasan jarka, ba na sama ba.

In ka ga ruwa, dole a juye tanki duka. Bar shi ya tsiyaye ta wannan noti har ya ƙare, ka ɗan karkata inji don na lungu ya fito. Wasu injuna suna da wani ƙaramin kofi kuma a ƙarƙashin famfon mai, inda ruwa da datti ke taruwa. Kwance shi ka wanke da fetur mai kyau, ka lura da zoben robarsa kada ya faɗi a ƙasa, domin in ya ɓata zai yi ta yoyo. Mayar da kome, zuba sabon mai, bar kaɗan ya bi ta notin tsiyaya ya wanke hanya, ɗaure, busar da fulogi, ka tayar. Kada ka zuƙi mai da baki ta tiyo. In ya sarƙe ka ya shiga huhu, asibiti ne.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ba wanda zai ce ka zubar da lita uku. Ba sai ka zubar ba. Bar shi ya kwana a jarka a rufe, da safe ka tsiyaye na sama a hankali, ka bar kamar kofi guda a ƙasa. Wannan na ƙasa ka ajiye shi don wanke noti da sarƙar babur. Kada ka zuba shi a rafi ko kusa da rijiya, ko a cikin kunya. Amma in man ya yi dishi-dishi kamar ruwan tsari, ya ƙi washewa ko ya kwana, kada ka mayar da shi inji. Irin wannan yana da wani haɗi a ciki wanda ke shan ruwa. Ka tuna abin da ya faru a watan Fabrairu na 2022, sa'ad da aka shigo da fetur Nijeriya wanda sinadarin metanol ya yi masa yawa, motoci suka yi ta lalacewa har aka janye shi daga kasuwa. Ba kullum ne laifin naka ba.

Datti da tsatsa

Alamarsu kusan ɗaya ce da ta ruwa, sai dai inji yakan yi ta hawa da sauka, ko kuma ya ƙi aiki sai an ɗan rufe masa cok. Tsohon tanki yana da tsatsa kwance a ƙasa. In ka bari mai ya ƙare ƙaf, sa'an nan ka kwarara sabo da ƙarfi, ka dama ta ke nan. Ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta kuwa ba ta fi bakin allura ba. Wanke kofin kamar yadda muka faɗa. In an kwance ƙofar nan, a hura ta da iska. Kada a soka mata waya ko allura, in ta faɗaɗa inji zai riƙa shan mai har abada.

A bakin tanki akwai 'yar rariya. Manoma da yawa sukan cire ta su yar, wai tana hana mai sauka da sauri. A mayar da ita. In ta ɓata, ɗaura farin ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare a bakin mazurari. Amma ka sani ƙyalle datti yake tarewa, ba ya tare ruwa.

Murfin tanki

Murfin nan yana da wata 'yar kafa da iska ke shiga. In mai yana sauka iska ba ta shiga, sai man ya tsaya, kamar yadda ruwa ke ƙin fita daga buta in ka toshe bakinta da tafin hannu. Ƙurar hunturu takan toshe kafar. Wani kuma murfinsa na yoyo, sai ya shimfiɗa leda a bakin tanki ya ɗaure murfi a kai. In inji ya mutu, sassauta murfi ka kasa kunne. In ka ji ya ja iska, ka kama ɓarawo. Cire ledar, wanke murfin, in robarsa ta mutu sayi wani. Kada kuma ka cika tanki har baki, bar masa kamar faɗin yatsa biyu.

Idan ba fetur tsantsa ba ne

Jarka ɗaya a gida, jiya an sayo kananzir da ita, shekaranjiya gas, yau fetur. Kananzir da gas ba sa kamawa da sauri kamar fetur. Inji zai tashi da ƙyar, ya yi farin hayaƙi, ya rasa ƙarfi, ya yi ta ƙwanƙwasa. Ɗiga man a kan farar takarda ka bar ta ta sha iska. Fetur mai kyau zai bushe nan da nan bai bar kome ba. In ya bar tabon maiƙo, da haɗi. Haka kuma man ƙaramin janareta ko injin feshi wanda ake garwaya wa baƙin mai, in ya shiga injin ban-ruwa zai yi shuɗin hayaƙi ya ɓata fulogi. Juye tanki. In inji ya jima yana aiki da irin wannan mai, canja baƙin mai ma, domin wanda bai ƙone ba yakan gangara ya tsinka shi. Kowane irin mai a ware masa jarkarsa, a ɗaura mata tsumma mai launi don yara su gane.

Masu injin gas

Injin niƙa da tarakta da manyan injunan ban-ruwa na gas ba su da fulogi, ba su da kafireta. Nasu ciwon shi ne iska. In ka bari gas ya ƙare har inji ya mutu da kansa, iska ta shiga bututu, ko ka cika tanki ba zai tashi ba sai an fitar da ita. A kan filta akwai notin fitar da iska. Sassauta shi, ka yi ta danna ɗan famfon hannu in akwai, in babu ka bar gas ya gangaro da kansa, har sai ya daina fitowa da kumfa. Ɗaure. Yi haka nan a jikin famfon injekta. In har yanzu ya ƙi, sassauta notin bututun da ke shiga nozul, a juya inji har gas ya ɓullo, a ɗaure. Kada ka sa yatsa a wurin, ƙarfin gas ɗin yana iya huda fata. In kuwa kuskure aka yi aka zuba fetur a injin gas, kada a tayar da shi ko sau ɗaya. A juye tukuna.

Mota

Duk abin da muka faɗa game da ruwa da datti da haɗi ya shafi mota da babur. Amma motocin da ba su da kafireta, watau yawancin waɗanda aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau, suna da wani ciwo nasu dabam. Kullum mota tana tashi bugu ɗaya. Amma duk ranar da aka sha mai, a nan gidan mai za ta yi ta juyi ta ƙi kamawa, in ta kama ta yi rawa kamar za ta mutu, bayan ɗan lokaci ta ware kamar ba ita ba.

Ga dalili. Tururin fetur da ke tashi a tanki ba a barinsa ya fita waje. Ana tara shi a wani gwangwani mai gawayi a ciki. Tsakanin gwangwanin da inji akwai ɗan bawul mai aiki da lantarki, wanda ke buɗewa in mota ta yi zafi tana tafiya don a ƙone tururin kaɗan-kaɗan. In mota a kashe take, a rufe ya kamata ya zauna. To in ya maƙale a buɗe, sa'ad da mai ke shiga tanki zai turo tururin ya cika hanyar iskar inji. Ka ga shaƙewa ke nan, irin ta mai cok.

Don ka bar gidan mai, taka totur har ƙasa ka riƙe, ka murɗa makulli. A yawancin irin waɗannan motoci yin haka yana yanke mai, iska ta wanke inji. Da ta kama ka ɗaga ƙafa. Kada ka wuce daƙiƙa 10 kana murɗawa, huta tukuna, don kada batir ya mutu. Wannan dabara ce ta fita kunya, ba gyara ba ce. Gyaran shi ne a ciro bawul ɗin a gwada. In an cire masa waya aka hura iska ta wuce, ya mutu, a canja shi. Ƙaramin abu ne, bai kai kuɗin famfon mai na cikin tanki ba, wanda ake yawan canjawa a banza saboda wannan ciwo. In fitilar inji ta kama a gaban direba, mai na'urar duba mota yakan ga lamba P0441 ko P0496.

Abin da ke yawan kashe wannan bawul da gwangwanin shi ne al'adarmu ta cewa a cika har baki, ana girgiza mota wai don ta ƙara ɗauka. Fetur sai ya malala cikin gawayin da aka yi don tururi kawai, gawayin ya ruɓe, ɓarɓashinsa ya bi bututu ya maƙale a bawul. Da kan famfon gidan mai ya yi ƙas ya tsaya, a bar shi haka.

Wuta

Kashe inji ka bar shi ya huce minti biyar kafin ka buɗe tanki. Salansa mai zafi tana kunna fetur. Ba taba, ba ashana, ba fitilar kwai, ko da dare ne. Goge wanda ya zuba, ka matsar da jarka nesa kafin ka ja igiya.

In ka juye tanki, ka zuba man da ka gwada a kwalba da takarda, ga wuta a fulogi, murfi yana shan iska, amma inji ya ƙi, ko kuwa ka ji igiya tana zuwa sakwaf ba nauyi, to lokacin kanikawa ya yi. Tafi da kwalbar man da ka tsiyaya, ka gaya wa bakanike minti nawa inji ya yi kafin ya mutu da irin hayaƙin da ya fitar. Ka tsaya a yi aikin a gabanka, a kuma ba ka tsohon kayan da aka cire. Kafin ka tafi, nemi aron injin maƙwabci a ba lambu ruwa, musamman in tumatir ko alkama suna fure, ko albasa tana sa kai.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi Malamin Gona na yankinku.